Yara Ɗari da Ashirin a Tudun Sada

Takardar da ta zo daga ofishin ilimi gajeriya ce, amma ta hana Malama Haulatu cin tuwon rana. Duk ƙauyen da yaransa masu shekarun firamare ba su kai ɗari da ashirin ba, za a rufe makarantarsa a haɗe ta da ta kusa. Ta kusa da Tudun Sada kuwa tana hayin titin Daura, inda manyan motoci ke wucewa kamar an koro su. Ita ce shugabar makaranta, ita aka ba mako guda ta kawo sunan kowane yaro da na uwarsa.

Da farko dariya ma ta yi. Garin da ta taso, in ka jefa ƙafa sai ka taka yaro? Sai da ta fara shiga gida-gida ta gane garin ya zube ba ta lura ba. Matasa sun tafi acaɓa Kano da Abuja, duk wanda ya samu ɗaki sai ya aiko a kai masa iyalinsa. Wani gidan sai tsohuwa da awaki.

Inda ta tarar da yaran ma, tambayar ta zama aiki. Ta ce wa mace 'ya'yanki nawa, sai ta ce alhamdu lillahi. Ta sake tambaya, a ce ai ba a ƙirga kyautar Allah. Haulatu ta yi lallashi, ta yi faɗa, har muryarta ta dushe. A rana ta huɗu ta tashi da ɗari da uku, ranta a ɓace.

Ta kai wa mai unguwa Nagoggo ƙara. Tsohon ya saurari sunayen yana gyaɗa kai, har aka zo gidan Hussaina mai ƙosai.

"Malama, uku kika rubuta mata? Ina Munzali?"

"Baba, da bakinta ta ce uku."

"To da me za ta ce? Ɗan fari ne, yana wajen kakarsa. Kin taɓa jin uwa ta lissafa ɗan fari? Gidajen tsofaffin nan kin shiga kuwa?"

Ba ta shiga ba. Ta ɗauka babu mai haihuwa a can, me za ta je nema? Kunyar ɗan fari ce ta cinye mata yara, uwa ba ta kama sunansa, ba ta cewa nata ne, kaka kuma ba a tambaye ta ba. Haushi ya kama Haulatu har tana magana ita kaɗai a hanya. A ce za a rufe makaranta a kan kunya! Yara su riƙa tsallaka titi don iyayensu sun kasa buɗe baki!

Kwana biyu ta yi tana bin kakanni. Ta koma wajen Hussaina ta zazzage mata faɗa, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Da yammacin Lahadi lissafi ya tsaya a ɗari da sha tara. Ta ƙirga sau uku, bai motsa ba. Ta yi jifa da biron.

Mijinta Sama'ila ya ɗauki takardun ya bi su da yatsa har ƙarshe.

"Malama, gidan Inna fa?"

"Gidanmu ne, me zan je tambaya?"

Ya tura mata takardun gabanta yana kallonta. Sai a lokacin ta gane. Yarinyar da ke gidan Inna tun yaye shekararta bakwai, kuma Haulatu ba ta taɓa kiranta da wani abu ba sai "ke" ko "waccan". Ta ɗauki biron ta rubuta Ikilima Sama'ila da sauri, ta bar gurbin uwa ba komai.

Da safiyar Litinin ta hau babur zuwa ofishin ilimi na Sandamu. Ofis cike da shugabannin makarantu, kowa da takardunsa. Malam Audi mai karɓa ya bi layi-layi, ya tsaya a na ƙarshe.

"Wannan ba sunan uwa. Layin da ba uwa ba ya shiga, kin ga kenan ɗari da sha tara."

"Rubuta Haulatu," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Wace Haulatu? Haulatu wa?"

Haulatu ta tuno titin nan da manyan motocinsa, ta tuno irin faɗan da ta yi wa Hussaina. Fuskarta ta ɗauki zafi.

"Ni ce," ta ce. "Ikilima 'yata ce."