Gishirin Kantin Magani

Tana cikin ɗiga ruwan gishiri a kan ɓawon albasa wayarta ta yi rawa a aljihu. Malamar ba ta ɗauka ba. Ta tura gilashin da ɓawon ke kai ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta sa ɗalibai su leƙa ɗaya bayan ɗaya su ga yadda ƙwayoyin halittar suke yamutsewa. Ta ce musu kowace ƙwaya tana da tantani siriri mai ƙananan ƙofofi, shi ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita. Wata daga bayan aji ta ce ashe maigadin makaranta ne, sai dai shi ana iya lallaɓa shi. Ana cikin dariya wayar ta sake rawa. Daga sashen wankin ƙoda ne.

Ta sami mijinta an jona shi da inji, ga wayoyi manne a ƙirjinsa. Ba ranar wankinsa ba ce. A ofis ya faɗi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Likita ya ja ta gefe, ya ce sinadarin fotasiyam ya yi yawa a jininsa. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, abin da take koyarwa ne. Tantanin ƙwayoyin zuciya yana tara fotasiyam a ciki ya bar kaɗan a waje, kuma da wannan bambancin zuciya ke bugawa. In na waje ya yi yawa, bugun sai ya rikice, yana iya tsayawa. Likitan ya tambaye ta ko yana cin abubuwa masu yawan fotasiyam: ayaba, lemo, dankali. Ta ce duk ta hana su shiga gidan. Ya ce to wani abu dai yana shiga, kuma ba lallai ba ne a kawo shi a kan lokaci karo na biyu.

Sai da likitan ya fita mijin ya yi magana. Mahaifiyarsa ce ke dafa masa abincin rana tunda malamar tana makaranta. Kwanan baya Mama ta ji a wurin maƙwabciya cewa akwai gishirin masu hawan jini, ta bi kantunan magani da ƙafa har ta samo. Malamar ta san shi. Da fotasiyam ake haɗa shi.

"Kada ki gaya mata," in ji shi.

"In ta sake zubawa fa?"

Ya ce tun rasuwar Baba Mama take zargin kanta da sakaci, in ta ji ita ce ta kwantar da ɗanta, gadon kusa da shi za a ba ta. Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ki san dabara mana. Ba ke ce malama ba?"

Kafin ta amsa Mama ta shigo, tana haki, da kular abinci a hannu. Ta taɓa goshin ɗanta, ta gyara masa bargo, sannan ta tambayi abin da likita ya ce. Malamar ta dubi mijinta. Ya rufe ido.

Ta ce wani abu ne a cikin abinci.

"Wane abincin? Nawa ko naki?"

A gado na kusa wata nas tana canza wa wani tsoho ledar ruwa. Malamar ta jira har ta gama.

"Nawa ne, Mama. Miyar dare."

Ta shirya jin faɗa. Mama kuwa sai ta kama hannunta ta riƙe, ta ce ba laifinta ba ne, ga makaranta ga asibiti, ko jaki aka ɗora wa wannan kayan sai ya durƙusa.

"Daga yau ki huta, 'yata. Safe, rana, dare, ni zan riƙa dafa masa."

Ta buɗe kular, tururi ya tashi. Ta lalube jakarta ba ta ga cokali ba. Akwai ɗaya a kan durowar gefen gado, dab da gwiwar hannun malamar.

"Miƙo min shi," in ji Mama, "kafin ya huce."