Kisan Lafiya Lau

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da yayansa Bawa, Malam Namadi bai taka gidan ba, alhali lungu ɗaya ne tsakaninsu. Ba ya son ya ga mutumin da ya riƙa goya shi a keke zuwa sinima yana dalalar da yawu. A daren jiya kuwa, sai mafarki ya ɗauke shi.

Ya tsinci kansa a wani birni irin na tsofaffin finafinan Amurka, inda babu launi sai baƙi da fari. Ruwan sama yana tashi daga kwalta yana komawa cikin gajimare, mutane na tafe kowa da lemarsa a kife. Shi kuma ga shi a ofis, da doguwar kwat da malafa a karkace, wai mai binciken kisan kai ne. Ya ɓare goro, ya kasa gane ja ne ko fari.

Wata mata mai baƙin mayafi ta shigo babu sallama. Hayaƙin sigarinta yana gangarowa yana kwanciya a kan takalmanta.

"An kashe mijina, ranka ya daɗe," ta ce. "Sunansa Lafiya Lau."

"Allah ya jiƙansa. Yana da abokan gaba?"

"Ina! Kowa da shi yake kwana, da shi yake tashi. Sai dai akwai mutum ɗaya da ya yi ta aiken sa babu hutu."

Sai ga Namadi a bakin kwata, inda gawar take. 'Yan sanda sun zagaye ta da alli, amma zanen ya gaji da jira ya tashi ya yi tafiyarsa. Babu harbi, babu sara. Marigayin ya zaizaye ne kawai kamar tsohon sabulu. A wuyansa akwai shatin haƙora, da wushirya a tsakiya. Namadi ya rufe bakinsa da hannu, domin duk birnin shi kaɗai ne mai wushirya.

Bai ankara ba sai ya ga kansa a caji ofis, an haska masa fitila a ido. Sufeton wani bunsuru ne mai tabarau, yana tauna igiya a hankali.

"Ina gajiya, Malam?"

"Ba gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Madalla. Yaya jikin Yaya Bawa?"

Namadi ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, bai same ta ba, tana can kwance a bakin kwata. Gumi ya karyo masa, ya bi goshinsa ya hau sama.

"Liman ya tambaye ka, ka tura masa marigayi," in ji bunsurun. "Mai shayi ma haka. Har uwar 'ya'yanka. Yaushe rabonka da ganin mara lafiyar da idonka?"

"Yallaɓai, a rataye ni kawai."

"Da me? Igiyar ke nan na cinye. Hukuncinka shi ne ka koma gida a ci gaba da gaishe ka."

Ya ɗaga kofato ya buga tebur, teburin ya kama kuka ba ƙaƙƙautawa.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye.

Namadi ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya zura takalma. A ƙofar gida ya haɗu da maƙwabcinsa Garzali tela, suka gaisa.

"Yaya jikin Yayan namu?"

"Wallahi ban sani ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Can na nufa."

Ya tarar da Bawa a jingine da bango a zaure, bakinsa a karkace. Bawa ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya dafa ƙasa da hannun da ke aiki, ya ja jiki da ƙyar, ya matsa ya ba shi wuri a kan tabarma.