Rassa Bakwai Masu Jan Zare

Da za ta tafi jinyar ƙanwarta, aiki biyu kacal matar Tela ta bar masa a lambun bayan gida: ban ruwa da sassafe, tunda zafi ya fara kamawa, sai tsinke furannin da suka bushe. Tela ya ce shekara talatin yana riƙe da almakashi, ba ganye ne zai gagare shi ba.

A rana ta uku ya lura da jan zare ɗaure a rassa bakwai na wardin da ke jikin katanga, wanda marigayiya surukarsa ta dasa da hannunta. A shagonsa, duk inda aka yi alama nan ake yankawa. Ya ɗauko babban almakashinsa ya sauke su kaf, har yana murnar ya rage mata aiki.

Maƙwabcinsa, wani tsohon mai aikin lambu, ya leƙo ta katanga, ya yi salati. Ya ce ai rassan da za a bari ne matar Tela take ɗaura wa zare, su ne za su yi fure bana. Tsofaffin da ya kamata a cire kuwa, ga su nan a tsaye.

Tela ya roƙi tsohon ya taya shi cewa akuya ce ta shigo. Tsohon ya ce shi bai taɓa ganin akuya mai yanka a miƙe haka ba. Ya dai nuna masa yadda zai rage ganyen, ya soka rassan cikin gwangwanaye masu yashi mai damshi a inuwa, ko Allah zai sa wani ya kama.

Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce lambu. Ta daɗe tana kallon wardin mahaifiyarta. Sannan ta juya ta ga gwangwani bakwai jere a ƙarƙashin taga, kowanne da jan zarensa. Tela na bayanta, ya fasa zancen akuya.

"Ni ne," ya ce, kansa a ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya fi son ta yi. Ta durƙusa ta bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a na huɗu.

"Baban yara, wannan ma kai a ƙasa ka dasa shi."

Ta zare shi, ta juya shi, ta danna yashin da yatsa. Sannan ta miƙo hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko almakashin ya ba ta, ita kuma ta miƙa masa bokitin ban ruwa.