Kwalbar da ke Aljihun Nilda

"Fito da shi, Doña Nilda," in ji Don Yamandú daga kan gado. "Tun ɗazu hannunki ke cikin aljihu kamar ɓarauniyar kasuwa."

Kunya ta rufe Nilda. 'Yar kwalba ce ta ruwa mai tsarki da Fada ya ba ta ranar Lahadi, a cocin unguwa da yanzu tsofaffi goma sha ɗaya kaɗai ke zuwa. Niyyarta ta ɗiga shi a filas ɗin da take zuba wa maƙwabcin nata ruwan mate, shayin ganyen da suke tsotsa da bututu a ƙoƙo, ya sha bai sani ba. Likita ya ce kwanaki kaɗan suka rage masa, ita kuwa tsoro take ji ya tafi babu ko ɗigon albarka a jikinsa.

Don Yamandú tsohon direban bas ne a birnin Montevideo, ƙafarsa ba ta taɓa taka coci ba. Shekara arba'in suna gardamar Allah ta kan katanga, shi yana ban ruwan tumatir, ita tana shanya, babu wanda ya kayar da wani.

"Don alherinka ne, tsoho," in ji Nilda.

"Na sani. Amma ƙoƙo ɗaya muke sha ni da ke, bututu ɗaya. Duk mai zuba wa mutum ruwa, amana aka ba shi. In kika cuce ni a nan, me kike so in ce da Allahn naki?"

Maganar ta soke ta har zuciya, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta ciro kwalbar ta ajiye a kan tebur, a fili, tsakanin magungunansa.

"To, in kira maka Fada?"

"Kul! Yaron nan ya bar ni in mutu lafiya." Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya ci gaba. "Ke dai ki zauna. Abokan aiki furanni suka aiko, ɗana saƙon waya daga Sifen. Zanen gadon nan kuwa ke kika wanke shi."

"Addu'a fa zan yi maka, ko ka so ko ka ƙi."

"Yi abarki a zuci, wannan ba ruwana. Zuba mini dai, kafin ya huce."

Ta zuba masa ruwan zafi zalla a kan ganyen da ke ƙoƙon. Ya tsotsa har ƙoƙon ya yi ƙara, ya miƙo mata, ita ma ta zuba ta sha.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, hannunsa cikin nata. Aka binne shi yadda ya nema, ba Fada, ba waƙa. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, amma ta kama bakinta.

Da suka dawo ta shiga ɗakinsa, kwalbar na nan inda ta ajiye ta. Ta ɗauka ta fita tsakar gida, ta daɗe tsaye a kan tumatir ɗinsa da suka fara yaushi. Sai ta mayar da ita aljihu ba ta buɗe ba, ta ɗauki bokitinsa ta nufi famfo.