Yatsun Zakaria a Kan Baƙar Leda

Da safiyar wata Talata Mubarika ta buɗe ƙofar ɗakinta za ta hura wutar koko, sai ƙafarta ta yi karo da wata baƙar leda a kan dokin ƙofa. An ƙulle bakin ledar tsaf, kamar kayan cefane. Ta zaci maƙwabta ne suka ajiye mata saƙo, har ta sunkuya za ta ɗauka, sai warin fetur ya bugi hancinta.

Yayarta Ruwaida tana tsakar gida tana goge takalmin aiki. Ita ma ta ji warin. Ta ajiye burushi ta ce, "Kar ki taɓa. Ja baya."

Ruwaida 'yar sanda ce, amma ba ta cikin masu tsayuwa a titi. Aikinta a ɗakin bincike yake, inda ake neman zanen yatsun mutane a jikin kayan da aka kwaso daga wurin da aka yi ɓarna. Kakansu ma ɗan sanda ne tun zamanin Turawa, shi ya gina wannan gidan a unguwar Nima ta Accra, ya bar wa mahaifiyarsu Mma Salamu. Ruwaida ta sa safar hannu ta kwance ƙullin a hankali. Gorar ruwa ce ta roba a ciki, cike da fetur har wuya, da sabon kwalin ashana wanda ba a ƙyasta ko tsinke ɗaya ba.

Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Kwanon gidansu ya hau kan na maƙwabta, na maƙwabta ya hau na gaba da su, haka har bakin babban gota, kwatar da ta ratsa unguwar. Rabin ɗakunan katako ne. Lungun da ke kaiwa titi kuwa mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, balle motar kashe gobara.

Jalilu tela, mijin Mubarika, ya ce wataƙila wani ɗan babur ne ya saci mai ya ɓoye, aka koro shi. Mma Salamu ta ce asiri ne, a kira malam. Ruwaida ba ta yi gardama da kowa ba. Ta san ɓarawon mai ba ya haɗawa da ashana, kuma gidan ɗakuna da yawa ne, amma ƙofar Mubarika aka zaɓa. Ta sa kayan a cikin kwali, ta biya caji ofis ta shigar da rahoto, sannan ta hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa wurin aiki da kwalin a kan cinyarta.

Shugabarta, Insifeto Lamisi, 'yar Bolga ce can arewa, Hausarta irin ta Zongo, ba ta raba "ka" da "ki". Da ta ji labarin sai ta karɓe kwalin ta ce, "Gidanku ne, ba ka sa hannu. Tsaya nan, ka duba da ido."

Lamisi ta juye fetur ɗin a wani mazubi, ta bar gorar da ledar suka sha iska. Bayan azahar ta rataye su a cikin akwatin gilashi, ta buɗe ledar da maƙalai don kada ta naɗe. Ta ajiye kofin ruwan zafi a gefe guda, saboda aikin yana son danshi. A ɗaya gefen ta ɗiga sufa gulu a ɗan farantin dalma, irin gam ɗin nan da ake liƙe takalmi da shi a kowane kiyos, ta ɗora a kan ƙaramin murhun lantarki, ta rufe akwatin.

Ruwaida ta yi wannan aikin da hannunta ba adadi. Ta san yadda yake: gam ɗin ya ji zafi ya zama tururi, tururin ya bi gumi da maiƙon da yatsa ya bari, ya daskare a kansu fari fat. Amma ba ta taɓa tsayawa tana jiran hannun wanda ya zo ƙofar ƙanwarta ba. Da farko babu komai sai hazo a jikin gilashin. Can sai wani fari ya fara tasowa a kan baƙar ledar, kusa da inda aka ƙulle, kamar an hura gari. Ya yi ta fitowa layi bayan layi har babban yatsa ya bayyana sarai, wasu biyu suka biyo shi a gefe. Gorar ba ta ba da komai ba, fetur ya wanke ta. Ledar kuwa mai ita ya riƙe ta da kyau, ya danna, ba kamar mai sauri ba.

Lamisi ta ɗauki hotuna ta sa a kwamfuta. Aka gwada da na Mubarika da na mutanen gida, babu wanda ya dace. Kashegari Ruwaida tana shigowa Lamisi ta rufe ƙofa, ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Hoton wani mutum ne mai faɗin goshi, yana kallon kyamara ba ko ƙiftawa.

Zakaria ne, mijin Mubarika na farko.

Ruwaida ta nemi kujera ta zauna. Ita ce sanadin da zanen yatsunsa ya shiga hannun hukuma. A wancan lokacin ya karya wa Mubarika hannu da ƙotar famfo, kowa a gida yana cewa a rufa asiri, Ruwaida ta ja ƙanwarta zuwa caji ofis. Ya kwana a ɗaure, dattawa suka sasanta, bai daɗe ba ya bi hanyar sahara ba tare da ya sake ta ba. Daga baya wani abokin tafiyarsa ya bugo waya daga Libiya ya ce jirgin ruwan da Zakaria ya hau ya kife, babu wanda ya fita. An yi zaman makoki a gidan uwarsa a unguwar Maamobi, an yi sadaka. Mubarika ta jira shekarun da malamai suka yanka mata, ta yi takaba, sannan ta auri Jalilu. Yanzu haka tana da ciki.

"Mun yi masa addu'a," in ji Ruwaida. "Ya mutu a teku."

Lamisi ta ce ta duba da kanta har sau biyu, ta kuma sa wani ya duba. Ledar sabuwa ce, zanen ma sabo ne. Ta ce, "Mutumin yana Accra."

Da yamma Ruwaida ta tara su a ɗakin Mma Salamu ta gaya musu, har da yadda aka gano. Jalilu ya yi ta murza awon ɗinkin da ke wuyansa. Mubarika ba ta yi kuka ba, hannunta na hagu kawai ta riƙe, daidai inda ya taɓa karyewa. Abin da ta fara tambaya shi ne matsayin aurenta. Washegari aka tambayi limamin unguwa ba tare da ambaton suna ba, ya ce tunda an bi ƙa'ida kuma an tare, aure yana nan. Tun a daren Ruwaida ta ja musu kunne: maganar ta tsaya a ɗakin nan, don masu bincike suna so su same shi bai shirya ba.

Gidan ya canza. Jalilu ya cika bokitai da yashi ya jera a bakin ƙofa. Aka sa sabon kwado. Ruwaida ta fara kallon kowa a lungu: mai tallan burodi, mai gyaran takalmi, maza masu hular sanyi da ke zaune wajen mai shayi. Shekaru sun wuce, ba ta san ko ya rame ko ya yi gemu ba.

Ranar Juma'a ta dawo ta tarar da Mubarika zaune a bakin gado da mayafin fita a jikinta. Mubarika ta ce daga Maamobi take, gidan Mma Sala, uwar Zakaria. Ta ce ta kasa barci tana tuna yadda tsohuwar ta suma ranar makoki, ta ga bai kamata uwa ta ci gaba da kukan ɗan da yake raye ba.

"Me kika gaya mata?"

"Komai, Yaya. Har da gam ɗin."

"Ita me ta ce?"

Mubarika ta ce, "Tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba. Sai ta tambaye ni watan cikina nawa."

Ruwaida ba ta yi mata faɗa ba. Ta fita tsakar gida ta kira Lamisi.

Da masu bincike suka matsa wa tsohuwar, sai ta ce ɗanta ya dawo tun kafin babbar Sallah. Bai hau jirgin ba, kurkuku aka jefa shi a can, kuma ya rantsar da ita kada ta faɗa. Ta nuna musu inda yake haya, wani ɗakin katako a saman bene, bayan babban gota. Lamisi ta yarda Ruwaida ta bi su, da sharaɗin ta tsaya a bakin ƙofa.

Ɗakin a share yake. Tabarma a naɗe, buta a kife, babu ko tsumma. Daga bakin ƙofar Ruwaida ta hangi taga, ta tagar kuma ta hangi tsakar gidansu a Nima, da igiyar shanya, da ƙofar Mubarika, har da wurin da take zama tana goge takalmi. An ja wani benci an ajiye daidai ƙarƙashin tagar, katakonsa ya yi sulɓi don zama.

A kan bencin an jera ƙananan bututun sufa gulu, duk an matse su ƙaf. Lamisi ta kwashe su da buta da kofin roba da ta samu a bayan ƙofa. Aka sa su a akwatin gilashi, aka kunna murhu, aka jira. Abin da ya fito farare ne masu siffar kan yatsa, amma sumul, babu layi ko ɗaya a ciki. Lamisi ta daɗe tana dubawa da madubi kafin ta ce ya shafe yatsunsa da gam ɗin ne, ya bari ya bushe. Kuma ba ɓoyewa yake yi ba, tunda ya jera bututun inda za a gani.

A makon aka fitar da Mubarika da Jalilu da rana tsaka, cikin motar kaya, kamar masu kai ɗinki kasuwa. Tamale suka nufa can arewa, wurin wani kawun Jalilu. Ko Mma Salamu ba a gaya mata sunan garin ba, don tana da yawan ƙawaye.

Makonni suka shuɗe babu labari. Wata rana Ruwaida ta taso aiki ta hau trotro, ta samu wuri a tsakiya, gefen taga. Sun wuce Kanda, mota ta cika maƙil, kwandasta ya fara karɓar kuɗi, na baya suna miƙowa hannu zuwa hannu. Wani ya taɓa kafaɗarta. Ta buɗe tafin hannu ta baya ba tare da ta waiwaya ba, kamar yadda kowa ke yi. Aka ɗora mata kwabbai, amma yatsun ba su janye ba. Sun yi tauri, santsi kamar ƙasan kwalba, ba ɗumin fata a jikinsu.

"Yaya Ruwaida," in ji muryar, a hankali, kusa da kunnenta. "Ina kuka kai matata?"

Matar da ke gefenta tana ta waya da yaren Twi tana dariya, rediyo na tashi. Tsakanin ƙafafun na baya akwai wani abu da ke motsi a leda in mota ta faɗa rami, kuma yanzu ta gane warin fetur ɗin da take ji ba na motar ba ne. Ta ƙirga yara biyu a kujerar gaba, da ƙofa ɗaya tak. Ta miƙa wa kwandasta kuɗin.

"Ba ta Accra," ta ce. "Zakaria, ka zo ofis mu yi magana. Ni na kai ka caji ofis, ba ita ba."

"Na sani," ya ce. "Ban manta ba."

Ta zaro waya a ƙarƙashin jaka tana lalube da babban yatsa. Kafin ta gama rubuta wa Lamisi, mota ta tsaya cikin cunkoson kasuwar Nima, mutane suka yi ta sauka, ana ture juna. Ta ga bayan wani siririn mutum da riga ruwan toka, kai a aske, leda a hannu. Ta kutsa ta sauka ta bi shi tsakanin masu doya da masu albasa, ya shiga wani lungu, lungun ya rabu uku. Ta tsaya tana haki, ba kowa sai wata akuya da wata mata mai wanki.

An baza hotonsa a tashoshi da kan iyaka, ba a same shi ba. Ruwaida ta mai da Mma Salamu gidan wata 'yar uwa a unguwar Madina, ita kuma ta ci gaba da zama a Nima, don ta ce in gidan ya zama babu kowa nasu, maƙwabta za a bari da abin. Ta daina hawa trotro ɗaya kullum, ta daina zama inda wani zai kasance a bayanta.

Da damina Mubarika ta haifi mace. Ta yi ta roƙon yayarta ta zo suna, ko da kwana ɗaya. Ruwaida ta sayi atamfa da kayan jarirai, ta haɗa jaka, ta je har tashar motocin arewa. Ta tsaya tana duban fasinjojin da ke layi a bayanta, ɗaya bayan ɗaya, sai ta fita daga layin ta koma gida. Ranar sunan ta waya ta ji liman yana raɗa wa yarinyar Ikilima, tana zaune ita kaɗai a tsakar gida, jakar tana gefenta ba ta kwance ba.