Hancin Labbo

Kwana shida ke nan Labbo bai sa sigari a baki ba, kuma duk tashar Dogarawa ta shaida. Direban da aka sani da raha ya koma faɗa da kowa, har da awakin da ake ɗaurewa bisa motarsa. Kansa na sara, yunwa kuwa kamar an huda masa ciki. Shekara ashirin yana zuƙa, sai da likita ya saurari ƙirjinsa ya girgiza kai, sannan ya jefar da kwalin.

Ranar kasuwar Konni ya ciko fasinja. Sun ɗan wuce Malbaza ke nan ya hango Mahfuz, wani ɗan kasuwar albasa, ta madubi, ya maƙala karan sigari ɗaya a leɓe yana laluben ashana. Miyau ya cika bakin Labbo. Ya ce a ransa zuƙa ɗaya zai roƙa, ɗaya tak. Ya ja dogon numfashi zai yi magana, sai wani wari ya daki hancinsa. Warin esansi ne, wato man fetur.

Ya taka birki har kaji suka ruɗe. "Mahfuz, kada ka ƙyasta! Kowa shi sauka!"

Aka fito ana gunaguni. Warin albasa da na awaki ya rufe komai, ba wanda ya ji wani abu. Hajiya Asabe, dattijuwar da ke kujerar gaba, ta ce rashin taba ne ya taɓa masa kai. Labbo ya koma cikin motar. Ya kutsa ƙarƙashin kujerar baya ya jawo wani buhu. A ciki akwai jarkar da wani fasinja ya ɓoye, murfinta ya tsage, man ya jiƙe shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar Mahfuz sharkaf.

Mahfuz ya dubi ashanar da ke hannunsa, ya zauna daɓas bakin hanya.

"Ɗana, ka yafe mini," in ji Hajiya. "Allah shi yi maka albarka."

Labbo dariya kawai yake yi, yana taɓa hancinsa, yana rantsuwa cewa da a makon jiya ne, lokacin da yake shan taba, da bai ji komai ba.

Aka zuba yashi aka goge motar, aka sauke gilasai duka. Har suka shiga Konni yana shaƙar iska yana faɗa wa fasinja abin da ke gaba: nan an toya ƙosai, can an yi ruwa jiya, wancan kamyon, babbar motar can, kifi ya ɗauko.