Kabarin Alwine Mai Dinya

A zamanin da Irmtraud ta haihu, in jariri ya zo ba rai a Babbar Dubrenz, ba a yi masa kabari. Ungozoma ce za ta naɗe shi ta kai wa kafinta, shi kuma ya kwantar da shi wajen ƙafafun duk wani babba da za a binne a makon, ya rufe akwati ya buga ƙusa. Uwa ba a gaya mata a akwatin wa aka sa shi, wai don ta yi saurin mantawa. Da jin wannan dabara ka san wanda bai taɓa naƙuda ba ne ya ƙirƙiro ta.

Irmtraud ba ta manta ba. Ɗan nata namiji ne, ya zo cikin sanyin Janairun 1963, ko fuskarsa ba a nuna mata ba, kuma daga shi ba ta sake samun ciki ba. Da ta miƙe daga jinya sai ta bi sawu a asirce. Mutum ɗaya tak aka binne a ƙauyen a makon nan: tsohuwa Alwine mai kiwon dinya, masifaffiyar da ba ta bar ɗa ko jika ba. Shi ke nan, Irmtraud ta sami wurin zuwa. Duk Asabar za ta hau tudun maƙabarta da butar ban ruwa, ta cire ciyawa, ta shuka fure, ta yi 'yan maganganunta ƙasa-ƙasa. Mutanen gari suna ta yaba mata kirki, alhali lokacin da Alwine ke raye ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Shekara ɗari bakwai ƙauyen ya yi zaune a kan kwal bai sani ba. Da kamfanin haƙa ya zo, da Ƙaramar Dubrenz ya fara, wadda ke ƙetaren rafi cikin fadama. A 1978 aka cinye ta, har cocinta. Mutanen Babbar Dubrenz ba wanda ya zubar da hawaye. Tun rikicin injin niƙa na bakin rafi, shekara ɗari uku baya, ba sa auratayya da 'yan fadama, ba sa zuwa jana'izarsu, in ana ƙidaya mutane ma ba a sa su. Ramin da ya haɗiye su tuni ya cika da ruwa ya zama tafki. Yanzu kuma layi ya zo kan masu dariya, 'yan Babbar Dubrenz: an gina musu sabuwar unguwa kusa da birni, an kwashe rayayyu, saura matattu.

Ranar da za a tono Alwine, Irmtraud ta iso tun da hantsi, tana da shekara tamanin da ɗaya, riƙe da ƙaramin bargon ulu da ta saƙa. Ta riga ta sami fili a sabuwar maƙabarta kusa da mijinta. So take a fitar mata da ɗanta, ta rungume shi ko sau ɗaya ne, a sa shi inda ita ma za ta kwanta.

A kan benci ta tarar da Eberhard, tsohon kafintan ƙauyen, ya dogara haɓa a kan sanda.

"Kai kuma me ya kawo ka?" in ji ta. "Ko ka zo duba akwatunanka ne, ka ga ko ka cuci mutane da ruɓaɓɓen katako?"

"Har yau ba wanda ya dawo ya yi ƙorafi," in ji Eberhard. Amma bai yi dariya ba, kuma bai dube ta ba.

An kewaye kabarin da tamfol. Bayan kamar awa biyu shugaban masu tonon ya fito, ya cire safar hannu.

"Iya, mun tankaɗe ƙasar sau biyu kamar yadda kika ce. Mutum ɗaya ce a ciki."

"Ku sake dubawa. Wajen ƙafa."

"Mun duba, Iya. Amma kin san ƙashin jariri ba ya jure ƙasa. Wataƙila ya narke ne."

Da ta karɓi wannan magana da an rabu lafiya. Sai dai ta juya ta ga Eberhard ya yi sauri ya kau da kai.

"Eberhard, kai ka buga ƙusar nan. Dube ni. Yana ciki ko ba ya ciki?"

Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Akwati biyu ne a shagona a makon nan, Irmtraud."

"Ƙarya kake. Alwine kaɗai ta mutu."

"A nan gari. A ƙetaren rafi kuma wani tsoho ya rasu, Matthes, makiyayin tumaki. Ni nake yi musu akwati su ma, ai kin sani. Na Alwine na riga na rufe shi lokacin da ungozoma ta shigo. Na Matthes ne a buɗe."

Irmtraud ta zauna a gefen bencin. Duk bin sawun da ta yi, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ta tambayi wa ya mutu a fadama ba.

"Da aka tashi 'yan fadama, ina aka kai shi?"

"Masu dangi aka kwashe. Matthes ba shi da kowa." Ya ɗaga sanda ya nuna tafkin. "Wajen tsakiya maƙabartarsu take, in ban manta ba."

"Shekara hamsin da takwas kana ganina ina hawa tudun nan."

"Ina ganinki."

"Lokacin da ake rushe su ina tsaye a nan ina kallo, Eberhard! Har cewa na yi Allah ya ƙara! Da ka buɗe baki a ranar, da na je na tono shi da hannuna."

"Ba a faɗa, haka muka tarar. Daga baya kuma na ga kin sami inda kike samun sanyi, sai na kasa." Hawaye na bin gemunsa. "Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta zuba wa ruwan ido. Tafkin faɗi gare shi, ba itace, ba dutse, ba wata alama da mutum zai ce daga nan zuwa nan ne.

Shugaban masu tonon ya yi gyaran murya.

"Iya, ki yi haƙuri, aiki na jiranmu. Tunda ita wannan ba ta da dangi, kabarin gayya za mu kai ta tare da sauran marasa dangi."

Ɗaya daga cikinsu ya fito da ɗan akwatin da aka tara ƙasusuwan Alwine. Irmtraud ta miƙe da ƙyar, ta tare masa hanya, ta shimfiɗa bargon ulun a kan akwatin, ta gyara gefensa.

"Ku sa ta a filina," in ji ta. "Duk abin da na tanada zan gaya wa ɗana, ita na gaya wa. Ba ni da wani kuma da ya sani."